Harshen damo a cikin c-addr u: kundin aikin fayyace alamomin jerin haruffa a ƙa'idar Forth

8 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne saboda na lura cewa matsalar da na warware a wannan mako takan sake ɗaure mini kai bayan makonni biyu idan ban ajiye dalilina a rubuce ba. Ina shirya wa ɗalibaina, masu koyon sarrafa ƙananan allunan lantarki, jagora cikin Hausa a kan harshen Forth, kuma da na iso babin jerin haruffa sai na tarar cewa alamomin da kundin ƙa'idar harshen yake amfani da su suna da harshen damo a wurare da dama. Ba zan iya bayyana wa wani abin da ni kaina nake karanta shi ta fuska biyu ba, don haka na dakatar da rubuta babin har sai na bi alamomin ɗaya bayan ɗaya.

Charles Moore ne ya ƙirƙiro Forth wajen shekarar 1970, kuma daga cikin ayyukan farko da harshen ya yi akwai sarrafa na'urar hangen sararin samaniya ta rediyo a Kitt Peak, a jihar Arizona ta Amurka. An yi masa ƙa'ida a 1979 da 1983, sannan hukumar ANSI ta fitar da tata a 1994, wadda ISO ta karɓa a 1997. Kundin da nake aiki da shi shi ne na 2012, wanda ya gaji na 1994 kusan sashe da sashe.

A Forth kowane umarni kalma ake kiran sa, kuma kalmomi ba sa miƙa wa juna kaya da suna. Kowace kalma tana ɗaukar abin da take bukata daga saman tari, kamar yadda ake ɗaukar faranti na sama daga cikin waɗanda aka jibga, ta kuma mayar da sakamakonta a wurin. Lambar da ke kan tarin ba ta ɗauke da wata shaida da ke nuna ko adireshi ce, ko tsawo, ko harafi. Alkawarin da ke tsakanin mai rubuta kalma da mai amfani da ita yana cikin layi guda da ake sakawa a tsakanin baka biyu, misali `( c-addr u -- )` na kalmar `TYPE`, inda abin da ke hagun layuka biyun yake nufin abin da za a ɗauka, na dama kuma abin da za a bari. Na'ura ba ta karanta wannan layi ko kaɗan, domin ita bakar buɗewa kanta kalma ce da aikinta shi ne tsallake sharhi. Duk shubuhar da ke cikin layin a kan ɗan Adam take faɗawa.

15 ga Janairu

Na kwashe makon nan ina bin babi na 6, na 11 da na 17 na kundin ƙa'idar ina fitar da duk kalmar da `c-addr` ya bayyana a layinta, ina zuba su a takarda. Shubuha ta farko ta fito tun kafin in gama babi na 6.

Kundin ya san jerin haruffa iri biyu. Na farko shi ne wanda ake nunawa da abubuwa biyu a kan tari, adireshin harafin farko da kuma yawan haruffan, wato `c-addr u`. Na biyu shi ne wanda nake kira jeri mai ƙirge a goshi, inda ake ajiye tsawon a cikin ma'adana, wato ƙwaƙwalwar na'ura, a gurbin da ke gaban harafin farko, sai a miƙa adireshin wannan gurbi shi kaɗai. Wannan na biyun shi ne tsohon salo, kuma kundin ya ce dole kowane tsari ya iya ɗaukar aƙalla haruffa 255 a cikinsa, wanda shi ne iyakar abin da bayit guda yake iya ƙirgawa.

To, jeri mai ƙirge ba shi da alamar kansa. Ana rubuta shi `c-addr`, daidai da yadda ake rubuta adireshin harafi guda da ba ruwansa da kowane jeri. Layin `C@` yana cewa `( c-addr -- char )`, layin `FIND`, mai neman kalma a ƙamus ɗin tsarin, kuma yana farawa da `( c-addr --`, amma ta farko tana karanta harafi guda ne kawai a wurin da aka nuna mata, ta biyu kuwa tana ɗaukar abin da ta tarar a wurin a matsayin tsawo, ta ci gaba da karatu gwargwadonsa. Mafi ban sha'awa ita ce `COUNT`, mai layin `( c-addr1 -- c-addr2 u )`, domin a cikin layi guda `c-addr` na hagu jeri ne cikakke, na dama kuwa rabin jeri ne wanda ba shi da amfani sai da abokinsa `u`. Bayanin da ke ƙarƙashin kowace kalma yana fayyace wannan, gaskiya ne, sai dai wanda ke tsakiyar aiki layin yake dubawa, ba ya komawa sakin bayanin.

27 ga Janairu

Abin da na rubuta a sama a matsayin tsoro ya faru a aji yau, kuma na ji daɗin faruwarsa domin ya ba ni misalin da zan buɗe babin da shi.

Wata ɗaliba tana son ta bincika ko kalmar `DUP` tana cikin ƙamus ɗin tsarin. Ta duba layin `FIND` ta ga `c-addr` kaɗai ake bukata, ta duba layin `S"` ta ga yana ba da `c-addr u`, sai ta yi abin da duk mai hankali zai yi, ta rubuta `S" DUP" DROP FIND`, wato ta yar da tsawon ta miƙa adireshin. Tsarin ya amsa mata da sifiri, ma'ana babu wannan kalma.

"Malam, yaya za a yi a ce babu DUP, alhali yanzu na yi amfani da ita?" in ji ta.

Na ce mata ta karanta mini lambar da ke zaune a adireshin da ta miƙa. Ta sa `C@` ta karanta, ta ce 68. Na tambaye ta wane harafi ne 68 a jadawalin ASCII, ta duba ta ce babban D, sai ta yi shiru, sannan ta fashe da dariya. Ashe `FIND` ta ɗauki harafin D a matsayin tsawo, ta shiga neman wata kalma mai haruffa 68 da ta fara da UP ta zarce cikin duk tarkacen da ke biye a ma'adana. Ban ga laifin yarinyar ba ko kaɗan, domin alamomin ta bi, kuma alamomin sun yi daidai da juna a ido. Da ta yi amfani da `C"`, wadda ke ba da jeri mai ƙirge, a cikin wata kalma da ta harhaɗa, da ta sami abin da take nema.

6 ga Fabrairu

Da na ɗauka cewa `c-addr u` shi kam ba shi da matsala, tunda kundin ya ce ƙarara wannan ne jerin haruffa. Takardata ta ƙaryata ni. Akwai kalmomi da yawa da waɗannan alamomi biyu suke zaune kusa da juna a layinsu ba tare da suna nufin rubutun da ke akwai ba. Abin da suke nufi shi ne mazubi, wato fili a ma'adana da aka tanada domin a zuba wani abu a ciki, kuma `u` a nan girman filin ne, ba tsawon abin da ke cikinsa ba. Kwarya da furar da ke cikinta suna iya zama a wuri guda, amma wanda aka aika ya kawo ɗaya ba a aike shi ya kawo ɗayar ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne `SUBSTITUTE`, ɗaya daga cikin kalmomin da kundin 2012 ya ƙara, mai layin `( c-addr1 u1 c-addr2 u2 -- c-addr2 u3 n )`. Biyun farko jeri ne da za a karanta. Biyu na gaba mazubi ne da za a rubuta a ciki, kuma duk abin da ke cikinsa kafin kira ba shi da daraja. A ɓangaren dama kuma `c-addr2` ɗin nan ya dawo tare da `u3`, yanzu ya zama jeri na gaske. Idan aka jera wannan layi kusa da na `COMPARE`, wato `( c-addr1 u1 c-addr2 u2 -- n )`, inda duka biyun jeri ne kuma ba a taɓa ko ɗaya, ɓangaren hagu iri ɗaya ne harafi da harafi.

`READ-LINE` ta ƙara wani tarko a kan wannan. Layinta yana farawa da `c-addr u1`, amma `u1` ba ma girman mazubin ba ne, iyakar haruffan da za a karanto ne daga fayil. Kundin ya ce mazubin ya kamata ya kai `u1` da ƙarin biyu, saboda ana iya zuba haruffan ƙarshen layi har guda biyu a bayan rubutun ba tare da an sa su cikin ƙirge ba. Wanda ya tanadi gurbi 80 ya kuma miƙa 80 zai iya wayar gari an rubuta masa bayit biyu a kan abin da ke maƙwabtaka da mazubinsa, kuma irin wannan ɓarna ba ta nuna kanta a ranar da aka yi ta.

Sai `CMOVE` mai `( c-addr1 c-addr2 u -- )`, inda ido ke saurin haɗa biyun ƙarshe su zama jeri, alhali `u` na duka adireshi biyun ne. 'Yar uwarta `MOVE` kuma ba haruffa take ƙirgawa ba, ma'aunin adireshi take ƙirgawa, wanda a na'urorinmu daidai yake da harafi, amma kundin na 1994 da gangan ya raba su domin na'urorin da abin ba haka yake ba. `ACCEPT` ita kuma ba ta yi amfani da `u` ba sam, `+n1` ta sa, kuma kundin ya cire hannunsa idan lambar ta zama sifiri ko ta wuce 32,767. Yanzu takardata tana da rukuni huɗu: adireshi tsura, jeri mai ƙirge, jeri, da mazubi.

19 ga Fabrairu

Makonni biyun nan na koma sashe na 2.2.3, inda aka bayyana alamomin rubutun da kalma ke tsinkowa daga layin shiri kai tsaye. Wasu kalmomin Forth ba daga tari kaɗai suke cin abinci ba, suna miƙa hannu gaba su yanki abin da ke biye da su a rubuce. Kundin yana nuna wannan ta hanyar saka shi a tsakanin alamomin zance a cikin layin tarin, kamar `"<spaces>name"` ga kalmomin da ke tsallake sarari su ɗauki suna, ko `"ccc<paren>"` ga wadda ke karatu har sai ta ci karo da bakar rufewa.

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne an ajiye abin da ba ya kan tari a cikin layin tari. Wanda ya ga `( char "ccc<char>" -- c-addr u )` a gaban `PARSE` zai ƙirga abubuwa biyu a hagu, alhali guda ɗaya ne ake ɗauka daga tarin. Na biyu shi ne layin `S"`, wato `"ccc<quote>"`, inda alamar zance ta bayyana da ma'ana biyu a wuri guda: na waje suna cewa wannan tsinkowa ce, ta ciki kuma, wadda aka rubuta da suna, ita ce ainihin harafin da ke rufe jerin. Na gwada wa mutum uku wannan layi, biyu daga ciki suka ɗauka cewa sai an buɗe zance sau biyu.

Akwai kuma abin da layin bai faɗa ba sam. Sararin da ke bayan `S"` ba ya cikin jerin, domin shi ne ya raba sunan kalmar da abin da ke biye, amma guda ɗaya kawai ake haɗiyewa. Idan aka bar sarari biyu kafin a rubuta gida, tsawon zai zama 5 maimakon 4. Idan kuma aka manta alamar rufewa, sashe na 3.4.1 ya ce tsinkowar ta ci gaba har ƙarshen abin da ya rage a layin, ba tare da ƙorafi ba.

Wurin da nake ganin kundin ya saɓa wa kansa da gaske shi ne `S\"`, wadda ta shigo a 2012 domin a iya saka haruffa na musamman a cikin jeri, irin su `\t` da `\n` da `\x` mai biye da lambobi biyu na ƙidayar sha shida. Jadawali na 2.1 ya ce `ccc` jerin haruffa ne kowane iri banda harafin iyaka. An ba `S\"` layi iri ɗaya da na `S"`, amma a cikinta ana iya rubuta `\"` domin a saka alamar zance a tsakiyar jerin ba tare da an rufe shi ba. Ke nan `ccc` ɗinta yana ɗauke da harafin da jadawalin ya ce ba zai ɗauka ba. Bayan haka, tsawon abin da aka tsinko ba shi ne tsawon abin da aka samu ba, tunda haruffa huɗu na `\x41` suna komawa harafi guda, babban A. Babu mai gina tsari da wannan zai ɓatar, domin sakin bayanin ya ce a bi dokokin juyawa da ke ƙasa, sai dai alama guda tana yi wa dokoki biyu aiki.

2 ga Maris

Yau na iso wurin da aikin ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da haruffa masu ƙugiya.

Na buɗe Gforth, wani tsarin Forth da ke aiki a kwamfutata, na rubuta `S" ƙasa" NIP .` domin ya nuna mini tsawon jerin, sai ya buga 5. Kalmar haruffa huɗu ce, amma a tsarin UTF-8 na ajiye haruffa a kwamfuta, harafin ƙ bayit biyu yake ci, C6 da 99, haka ɗ yake cin C9 da 97, ɓ kuma C9 da 93. Da na gwada ƙwaƙwalwa, mai haruffa 9, sai na sami 11. Kundin ya ce `u` tsawon jeri ne a ƙirgen haruffa, kuma a zamanin da aka rubuta wannan jimla harafi da bayit abu guda ne ga mafi yawan masu amfani da harshen. Babi na 18 na kundin 2012 ya zo ya raba su biyu: akwai ƙaramin harafi na tushe da ake kira `pchar`, wanda shi ne gurbin ma'adana, da kuma cikakken harafi da ake kira `xchar`, wanda yake iya cin gurbi ɗaya ko fiye. Adireshin ya sami sabuwar alama, `xc-addr`, amma `u` yana nan yadda yake, kuma gurabe yake ƙirgawa.

Illar wannan tana fitowa ne idan aka zo yanka. Na sa `1 /STRING` a kan ƙasa da nufin cire harafin farko, sai ya cire C6 ya bar 99 a gaba, wanda shi kaɗai ba harafi ba ne, aka buga mini wata alamar tambaya kafin ragowar haruffan, wato `asa`. Kalmar da ta dace ita ce `+X/STRING`, mai tsallake cikakken harafi komai yawan gurabensa. Idan kuma faɗin da rubutun zai ci a allo ake nema, domin jera shi a ginshiƙi, sai `X-WIDTH`, wadda ta ba ni 4. Ga mazubin da ya cika a tsakiyar harafi an tanadi `-TRAILING-GARBAGE`, mai datse rabin harafin da ya maƙale a wutsiya. Saboda haka kalmar tsawo ita kanta ta rabu uku: yawan gurabe, yawan haruffa, da faɗi a allo.

Na ɗan shagala da wani abu da ba ya cikin tsarin aikin. A Najeriya muna rubuta 'ya'ya da waƙafin sama, a Nijar kuma suna rubuta ƴaƴa da harafi mai ƙugiya. Na auna duka biyun sai kowanne ya ba ni 6, na farko saboda alamomi shida ne masu bayit ɗaya-ɗaya, na biyu saboda ƴ guda biyu sun ci huɗu, a guda biyu sun ci biyu. Idan kuwa manhajar rubutu ta lanƙwasa waƙafin, kamar yadda suke yawan yi ba tare da an sa su ba, kowane waƙafi zai ci bayit uku, tsawon ya zama 10. A wurin `COMPARE` waɗannan kalmomi uku ne dabam-dabam. Wannan ba laifin kundin Forth ba ne, amma zai shiga jagoran, domin ɗalibin da zai rubuta shirin neman suna a cikin rajista zai ci karo da shi a makon farko.

9 ga Maris

Na nuna wa abokin aikina takardata, tare da shawarar da na daɗe ina kiwo, cewa a ƙirƙiri sababbin alamomi huɗu, kowane rukuni da tasa, a daina amfani da `c-addr` ga kowa da kowa. Ya karanta a tsanake, sannan ya ce, "Malam, ɗalibanka ba a littafinka za su tsufa ba. Ranar da suka buɗe kundin asali, ko shirin da wani ya rubuta shekara talatin da suka wuce, wace alama za su gani?"

Na yi masa musu na kusan rabin awa, kuma har yanzu ina ganin da a ce yau ake fara rubuta kundin, raba alamomin ya fi. Amma yana da gaskiya a kan jagoran. Ya ƙara da wata hujja da ban yi tunaninta ba, cewa alama guda mai wakiltar jeri za ta ɓoye gaskiyar cewa abubuwa biyu ne a kan tari, kuma mai rubuta Forth kullum yana ƙirga zurfin tarinsa, yana bukatar ya ga biyun da idonsa kafin ya san ko `DROP` zai sa ko `2DROP`. Na ajiye shawarar. Azumi na ƙofa, aikin zai ɗan lafa.

18 ga Afrilu

Na dawo kan aikin bayan Sallah da wata tambaya da rukunaina huɗu ba su amsa ba: idan kalma ta ba ka `c-addr u`, har yaushe abin da ke wurin zai zauna, kuma kana da izinin taɓa shi?

Abin da ya tayar da tambayar ya faru ne a kan ƙaramin tsarin da ke cikin allunanmu. Na rubuta `BL WORD lafiya COUNT TYPE` kai tsaye, wato `WORD` ta tsinko kalmar da ke biye da ita, `TYPE` kuma ta buga ta, ina jiran in ga lafiya, sai allon ya buga mini TYPE. Na maimaita sau uku kafin in gane. Mai karanta umarni na wannan tsari shi ma da `WORD` yake tsinko kalmomi, kuma a mazubi guda suke zubawa. Bayan ta ajiye mini lafiya ta ba ni adireshin, sai tsarin ya tsinko COUNT ya zuba a kai, aka ƙirga 5, sannan ya tsinko TYPE ya sake zubawa, aka buga mini ita da sarari a bayanta. A Gforth layin nan ya buga lafiya lafiya lau, kuma duka tsarin biyu suna cikin iyakar ƙa'ida, domin sashe na 3.3.3.6 ya ce abin da ke cikin mazubin `WORD` yana iya lalacewa duk lokacin da aka sake amfani da ita.

Da na sake karanta sashen sai na ga abin da ya fi wannan. Mazubin `WORD` da na `#>`, mai mayar da lamba rubutu, suna iya hawa kan juna, kuma kalmomin buga lamba suna iya amfani da na biyun. Cikinsu har da `.S`, wadda ita ce muke koya wa ɗalibai su riƙa leƙa tari da ita idan shiri ya ƙi. Ma'ana leƙen da kansa yana iya goge abin da ake leƙawa.

Sauran kuma kowace da nata sharaɗi. `PARSE` tana nuna maka wuri ne a cikin mazubin shigar rubutu, wanda aka hana shiri ya rubuta a cikinsa, kuma yana gushewa da zarar an ɗebo sabon layi. Jerin da `S"` ta harhaɗa cikin kalma yana daɗewa, amma ba a yarda a sauya shi ba, domin yana iya zama a ma'adanar da ake karantawa kawai. Wanda aka buga da `S"` kai tsaye kuwa na wucin gadi ne, kuma kundin 2012 ya yi alkawarin mazubi biyu ne kawai aƙalla, kowanne mai haruffa 80 ko fiye, saboda haka jeri na uku yana iya cinye na farko. Mazubin `WORD` haruffa 33 aka lamunce, na `PAD`, wanda aka bar wa mai shiri domin ajiyar wucin gadi, kuma 84. Duk waɗannan sharuɗɗa suna warwatse a sassa dabam-dabam, nesa da layukan da suka shafa, kuma dukansu alama guda suke sanye da ita.

Na kuma lura da wani bambanci tsakanin kundin biyu. Na 1994 ya ce `WORD` ta bar sarari guda a bayan jerin wanda ba ya cikin ƙirge, domin tsofaffin shirye-shirye masu amfani da `CONVERT`, mai mayar da rubutu lamba. Na 2012 ya cire `CONVERT`, ya cire wannan sharaɗi tare da ita, layin tarin kuwa bai sauya ko ɗigo ba.

29 ga Afrilu

Na yanke shawarar tsarin babin. Layin tari na kowace kalma zai zauna yadda kundin ya rubuta shi, ba zan taɓa ko harafi ɗaya ba. A ƙarƙashinsa zan ƙara gajerun jimloli cikin Hausa da ke faɗin rukunin da `c-addr` ɗin yake, abin da `u` yake ƙirgawa, da kuma tsawon ran abin da aka dawo da shi tare da ko ana iya rubutu a kansa. Na gwada tsarin a kan kalmomi goma sha biyu, kuma ya zauna daidai a kan goma sha ɗaya. Wadda ta ƙi ita ce `SUBSTITUTE`, da ta bukaci sakin layi na kanta.

Batun `S\"` kaɗai nake ganin ya cancanci a kai shi gaban masu kula da kundin, domin shi ne wurin da jadawali ya faɗi abu guda kalma ta yi wani. Na rubuta daftarin gyara mai jimla biyu, na ba abokin aikina ya duba Turancin kafin in aika.

Abin da ya rage shi ne jeri mai tsawon sifiri. `TYPE`, `FILL`, `MOVE` da `CMOVE` duk bayaninsu ya fara da sharaɗin cewa sai `u` ya fi sifiri sannan su yi wani abu, kuma `PARSE-NAME` tana dawo da tsawon sifiri idan layi ya ƙare babu sauran suna. A jagoran zan rubuta cewa jeri marar komai jeri ne halastacce, ba kuskure ba ne, amma kada a karanta ko harafi ɗaya daga adireshinsa. Na lura cewa biyu daga cikin misalan da na rubuta a watan Janairu suna zagaye da `DO` a kan jeri, wadda idan farko da iyaka suka zo daidai take iya zarcewa ta zagaye dukan lambobin da gurbi ke iya ɗauka. Gobe zan mayar da su `?DO`, wadda ke tsallake zagayen a irin wannan hali, in sake gwada su a kan allunanmu da Gforth duka, sannan in miƙa wa ɗalibar nan babin ta karanta kafin sauran ajin.